Senkata: Defon Man da Aka Zubar da Jini a Ƙofarsa Sau Biyu

Birnin La Paz, mazaunin gwamnatin Bolibiya, a cikin kwari yake, kamar tuwo a gindin akushi. A bakin kwarin daga sama, kan tudun da ya haura mita 4,000, garin El Alto ke zaune, kuma yawancin mutanensa 'yan ƙabilar Aymara ne. Filin jirgin sama a can yake, manyan hanyoyin shiga birni ta can suke bi. A wata unguwarsa mai suna Senkata kuma kamfanin mai na gwamnati, YPFB, ya kafa defon da ke ba La Paz fetur da tukwanen gas. Idan aka tare ƙofar defon nan na 'yan kwanaki, layin mai zai miƙe a ƙasa, murhu ya mutu a gidaje.

Mutanen tudun sun daɗe da sanin wannan lagon. A 1781 Túpac Katari ya tara dubban mayaƙan Aymara a nan, ya yi wa Turawan Sifen da ke La Paz ƙawanya wata da watanni, har yunwa ta galabaitar da birnin. Daga baya aka kama shi, aka ɗaura gaɓoɓinsa a jikin dawakai aka yayyaga shi.

El Alto na yau kuwa talauci ne ya gina shi. Da farashin kuza ya faɗi a 1985, gwamnati ta sallami masu haƙar ma'adinai fiye da 20,000. Da yawansu suka kwaso iyali suka sauka a tudun, suka tarar da manoman da fari ya koro daga ƙauyuka. Ba su zo hannu rabbana ba, sun zo da tarbiyyar ƙungiyar ƙwadago. Kowace unguwa ta kafa majalisarta, kuma idan majalisun suka ce a rufe hanya, ko keke ba ya wucewa.

A watan Oktoban 2003 suka rufe. Shugaba Gonzalo Sánchez de Lozada na shirin sayar da iskar gas zuwa ƙetare ta tashar ruwan Chile, ƙasar da ta ƙwace wa Bolibiya gaɓar teku a yaƙin da ya ɓarke a 1879. Da mai ya yanke a La Paz, aka tura soja su raka tankoki daga Senkata, suka buɗe hanya da harsashi. Kafin rikicin ya lafa an kashe mutum kusan 60, shugaban ya ajiye mulki ranar 17 ga Oktoba ya tsere Amurka. Mataimakinsa Carlos Mesa ya hau kujerar. Cikin waɗanda tauraronsu ya haska a wannan gwagwarmaya akwai shugaban manoman ganyen koka, Evo Morales, wanda aka rantsar shugaban ƙasa a Janairun 2006.

Morales ya yi kusan shekara 14 a kan mulki, talauci ya ragu, 'yan asalin ƙasa suka ɗaga kai. Tazarce ce ta ɓata lissafin. A ƙuri'ar raba gardama ta 21 ga Fabrairun 2016, kashi 51 cikin ɗari suka ce kada ya sake tsayawa. Sai kotun tsarin mulki ta yanke a 2017 cewa ƙayyade wa'adi tauye haƙƙin ɗan takara ne. Ya tsaya neman wa'adi na huɗu ranar 20 ga Oktoban 2019, babban abokin karawarsa kuma Mesa ne.

Dokar zaɓe ta ce wanda ya samu kashi 40 da ratar maki goma ya ci ba sai an je zagaye na biyu ba. A daren zaɓe, an ƙirga kimanin kashi 83 na sakamakon wucin gadi, ratar ba ta kai goma ba, sai hukumar zaɓe ta daina sanarwa. Bayan kusan kwana guda aka ci gaba, ga rata ta cika. A ƙarshe aka ba Morales kashi 47.08, Mesa 36.51. 'Yan adawa suka ce maguɗi ne, aka ƙona ofisoshin zaɓe a wasu jihohi. Ƙungiyar Ƙasashen Nahiyar Amurka, OAS, ta ce ta gano kwamfutocin da aka ɓoye da sa hannun bogi a takardun sakamako. Wasu masana lissafi a Amurka daga baya suka ce hujjar ƙungiyar kan sauyin alƙaluma ba ta tsaya da ƙafarta ba, don ƙuri'un ƙauye, inda Morales ke da ƙarfi, su ke zuwa a makare. Har yau 'yan Bolibiya ba su daina wannan gardama ba.

'Yan sanda suka yi bore ranar 8 ga Nuwamba. Ranar 10 babban hafsan soja, Janar Williams Kaliman, ya fito a talabijin ya ba shugaban “shawarar” ya sauka. Morales ya sauka, ya samu mafaka a Meziko. Mataimakinsa da shugabannin majalisun dokokin ƙasar biyu su ma suka yi murabus. Ranar 12 ga wata Jeanine Áñez, mataimakiya ta biyu ga shugaban majalisar dattawa, ta ayyana kanta shugabar riƙon ƙwarya a zaman da 'yan majalisa ba su kai adadin da doka ta tanada ba, ta shiga fada riƙe da ƙaton Littafi Mai Tsarki. A kwanakin ne aka ga hotunan ana ƙona wiphala, tutar 'yan asalin ƙasa mai launuka bakwai, wasu 'yan sanda na yanke ta daga kakinsu. El Alto ta fusata.

Aikin gwamnatin riƙo ɗaya ne, shirya sabon zaɓe. Amma cikin takardun farko da ta sa wa hannu akwai doka mai lamba 4078, wadda ta wanke soja daga tuhuma kan abin da suka aikata wajen maido da oda. Ranar 15 ga Nuwamba jami'an tsaro suka tare manoman koka a gadar Huayllani da ke Sacaba, kusa da Cochabamba, aka kashe aƙalla goma. Ministan cikin gida Arturo Murillo ya ce su ne suka harbi junansu.

Kwana huɗu bayan haka abin ya iso Senkata. Da safe ayarin tankoki da motocin gas ya fita da rakiyar soja da 'yan sanda. Bayan fitarsa wasu masu zanga-zanga suka rushe wani sashe na katangar defon, sai harbi ya tashi. Aƙalla mutum goma suka mutu, har da waɗanda hanya ce kawai ta biyo da su. Aka kwashi gawarwakin zuwa cocin San Francisco de Asís na unguwar, aka shimfiɗe su a kan bencinan ibada an lulluɓe da barguna, a nan likitocin gwamnati suka duba su. Ministan tsaro ya ce soja ko harsashi ɗaya ba su harba ba. Ranar 21 ga wata dangi suka ɗauki akwatunan gawa suka gangara La Paz, 'yan sanda suka watsa musu barkonon tsohuwa, jama'a suka tarwatse aka bar akwatuna a tsakiyar titi. Sai ranar 28 aka soke doka mai lamba 4078.

Áñez da ta zo riƙo ta shiga takara a Janairun 2020, ta janye a Satumba. An ɗage zaɓe sau biyu da dalilin annobar korona, da aka yi shi ranar 18 ga Oktoba, Luis Arce na jam'iyyar Morales ya lashe da kashi 55.

A Agustan 2021 kwamitin ƙwararru na ƙasa da ƙasa ya ƙirga aƙalla mutum 37 da aka kashe a rikicin. Ya kira abin da ya faru a Sacaba da Senkata kisan kiyashi, ya ce bai ga shaidar cewa an yi niyyar tarwatsa defon ba. Bai wanke magoya bayan Morales daga nasu ta'adin ba, ya kuma ce kotunan ƙasar na rawa da bazar mai mulki.

A rikicin 2003, sai 2011 aka ɗaure manyan hafsoshin soja biyar. A na 2019, kotu ta yanke wa Áñez shekara goma a Yunin 2022 kan yadda ta hau kujera, kotun ƙoli ta soke hukuncin a Nuwamban 2025 aka sake ta. Murillo kuwa a Amurka aka ɗaure shi wata 70, saboda kuɗin cin hancin da ya karɓa a kwangilar sayen barkonon tsohuwa. Hukuncin nan biyu, babu wanda aka yanke saboda ran wani da aka kashe a Senkata.