Charles Alfred Anderson da tarihin filin jirgin sama na Moton a garin Tuskegee

Tuskegee ƙaramin gari ne a jihar Alabama da ke kudancin Amurka, kimanin kilomita 65 gabas da Montgomery, babban birnin jihar, kuma mazaunansa ba su kai dubu goma ba. Duk da ƙanƙantarsa, a bayan garin akwai filin jirgin sama mai suna Moton, inda baƙaƙen fata na farko da suka zama matuƙan jiragen yaƙin Amurka suka soma koyon tuƙi. Babban malaminsu shi ne Charles Alfred Anderson, wanda ɗalibansa suka yi wa laƙabi da Cif, wato shugaba.

Yadda ya koyi tuƙi

An haifi Anderson a ranar 9 ga Fabrairun 1907 a Bryn Mawr da ke jihar Pennsylvania. Tun yana yaro yake sha'awar jiragen sama, amma da ya girma sai ya tarar makarantun koyon tuƙi ba sa karɓar baƙar fata. Don haka ya haɗa abin da ya tara da ɗan rancen da ya samu, ya sayi ƙaramin jirgi, ya riƙa koya wa kansa tashi da sauka har ya sami lasisin tuƙi a 1929.

Daga baya wani matuƙi Bajamushe mai suna Ernst Buehl ya ɗauke shi ya ƙara masa horo, ya kuma tsaya masa har aka yarda aka yi masa jarrabawa. A 1932 Anderson ya zama baƙar fata na farko a Amurka da ya mallaki lasisin tuƙin jirgin sufuri. Shekara guda bayan haka, shi da wani likita mai suna Albert Forsythe suka ratsa Amurka a jirgi daga Atlantic City zuwa Los Angeles, suka kuma dawo, tafiyar da babu baƙar fatar da ya taɓa yin irinta. A 1934 kuma suka zagaya tsibiran yankin Karebiyan.

Dalilin gina filin

A wancan zamani wariyar launin fata doka ce a kudancin Amurka, kuma rundunar sojin ƙasar ba ta ɗaukar baƙar fata aikin tuƙin jirgi. Wani rahoto da Kwalejin Yaƙi ta Sojin Ƙasa ta fitar a 1925 ma ya yi iƙirarin cewa baƙar fata ba shi da basira ko jarumtar da aikin soja mai wuya ke bukata. Al'amura sun fara sauyawa a 1939, lokacin da gwamnati ta ɓullo da shirin horar da farar hula tuƙin jirgi saboda ganin yaƙi na ƙaratowa, aka kuma sanya wasu makarantun baƙar fata a ciki. Ɗaya daga cikinsu ita ce Cibiyar Tuskegee, wadda aka buɗe a 1881 ƙarƙashin jagorancin Booker T. Washington. A 1940 cibiyar ta ɗauki Anderson a matsayin babban malamin tuƙi.

Matsalar da cibiyar ta fuskanta ita ce ta fili. Wanda take amfani da shi, mai suna Kennedy, ya yi ƙanƙanta ga horon soja, kuma ba ta da kuɗin gina wani. A watan Maris na 1941 uwargidan shugaban ƙasa, Eleanor Roosevelt, ta ziyarci Tuskegee, ta nemi Anderson ya ɗaga da ita sama a wani ƙaramin jirgi ƙirar Piper Cub. Hoton da aka ɗauka tana zaune a bayansa ya bazu a jaridu. Da yake tana cikin amintattun Gidauniyar Rosenwald, ta taimaka aka ba cibiyar rancen dala 175,000, wanda da shi aka gina sabon filin. Injiniya Archie Alexander, shi ma baƙar fata, ya kula da aikin ginin, aka kuma sanya wa filin sunan Robert Russa Moton, shugaban cibiyar na biyu.

Shekarun yaƙi

A filin Moton ake ba ɗalibai horon matakin farko, waɗanda suka ci kuma su wuce wani sansanin soja da ke kusa domin ƙarasa karatu. Ajin farko ya fara da mutum 13 a watan Yulin 1941, amma biyar ne kawai suka kammala a watan Maris na 1942. A cikinsu akwai Benjamin O. Davis ƙarami, wanda daga baya ya zama janar baƙar fata na farko a rundunar sojin saman Amurka.

Daga 1941 zuwa 1946 matuƙa 992 aka yaye a Tuskegee. An tura rukuni na farko Arewacin Afirka a 1943, daga bisani suka yi aiki daga Italiya, inda suke yi wa jirage masu jefa bama-bamai rakiya zuwa cikin Turai. An san jiragensu da jan fentin da ke wutsiyarsu. Ƙwazon da suka nuna ya ƙaryata rahoton 1925, yana kuma cikin hujjojin da masu fafutukar daidaito suka riƙe har Shugaba Harry Truman ya sa hannu kan umarnin soke wariya a rundunonin soja a 1948.

Bayan yaƙi

Da aka rufe shirin horon soja, Anderson bai bar Tuskegee ba. Ya ci gaba da koyar da tuƙi a filin Moton, ga baƙi da fari, tsawon shekaru masu yawa, kuma a 1967 yana cikin waɗanda suka kafa wata ƙungiyar matuƙa baƙar fata. Ya rasu a garin a ranar 13 ga Afrilun 1996, yana da shekara 89.

A 1998 Majalisar Dokokin Amurka ta ayyana tsohon ɓangaren filin a matsayin wurin tarihi na ƙasa, inda aka mayar da rumfunan ajiye jirage gidan adana kayan tarihi. A 2007 majalisar ta karrama matuƙan Tuskegee baki ɗaya da lambar zinare, sannan a 2014 hukumar gidan waya ta fitar da kan sarki mai hoton Anderson. Ɗaya ɓangaren filin kuwa yana hannun hukumar garin Tuskegee, kuma har yau ƙananan jirage na tashi da sauka a kansa.