Jibiya: Garin da Ya Cika Ya Batse a Bakin Iyaka

Kafin Turawa su ja layi, Jibiya da Maraɗi ƙasa ɗaya ce ta Katsinawa. Da jihadi ya ci birnin Katsina a farkon ƙarni na 19, sarakunan Haɓe suka yi arewa suka kafa gadon mulkinsu a Maraɗi. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 ne suka raba dangi gida biyu, wa ya zama ɗan Najeriya, ƙane ɗan Nijar.

Layin nan da ya raba su kuma shi ya ciyar da garin. Hatsi da man fetur su fita, dabbobi da shinkafa su shigo ta mashigar iyaka ta Magama. Mai dako, direba, ɗan kamasho, mai tuwo-tuwo, kowa ya taho neman na kansa. A ƙidayar 2006 mutanen ƙaramar hukumar sun kusa 170,000. Amma talaka ba ya zaɓen fili. Inda ya fi araha nan yake kafa tubalinsa na jar ƙasa, wato kwari da gaɓar gulbi, ba magudanar ruwa, ba tsari.

A Yulin 2018 aka ga sakamakon. Cikin dare ɗaya ambaliya ta hallaka mutum fiye da 40, ta rusa ɗaruruwan gidaje. Wasu gawawwakin sai a Nijar aka tsinto su, domin gulbin can ya nufa.

Ba a gama farfaɗowa ba aka rufe iyaka a Agustan 2019, aka kuma hana kai mai garuruwan da ke cikin kilomita 20 da ita. Aka buɗe mashigar Jibiya a Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023, har Maris ɗin 2024. Wanda ciniki ya tsaya masa, ina zai samu kuɗin bulo da kwano?

Ga kuma 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka. Wasu suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi, wasu suka kwararo cikin gari, mafi yawansu mata da yara. Zaure ya koma ɗakin kwana, makarantu da kangwaye suka zama masauki. Masu gida sun yi zumunci iya ƙarfinsu, amma zumunci ba ya ƙara ɗaki. Yanzu ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Jibiya, zai kuma jawo wasu baƙin. Wajibi ne hukuma ta yanka filaye a kan tudu, ta gina magudanai, tun kafin jirgin ya iso.