Takarda da Asalinta: Tsara Taskar Tarihi a Ƙasar Ikara, Maƙarfi da Kudan

Duk mai neman tarihin garin Saulawa a rubuce, sai ya kama hanyar Kaduna. A can Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa take ajiye da fayilolin Lardin Zariya, har da rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta kan gundumomi domin yanka haraji. A can kuma Gidan Arewa yake, wanda aka kafa a 1970 ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith. Sai dai akasarin fayilolin nan ganin mai mulki ne. Abin da mutanen ƙasa suka riƙe da hannunsu yana nan cikin adaka da gafaka: rasiɗin haraji da jangali da gwamnatin Balarabe Musa ta soke a 1979, wasiƙun hakimi zuwa ga dagaci, takardun rabon gado, rajistar makarantar firamare. Ɗakin karatu na jama'a shi ya fi dacewa ya karɓi amanarsu, amma da sharaɗi guda: kada ya tsara su yadda yake tsara littattafai.

An horar da ma'aikacin laburare a kan tsarin Dewey na 1876, wanda ke kai kowane littafi wurin 'yan'uwansa a fanni. Wannan daidai ne ga littafi, domin yana ɗauke da sunan marubuci da shekarar bugu a goshinsa. Takardar gida ba ta da wannan gata. A ɗauka an kawo akwati daga gidan wani tsohon mai unguwa, a ciki akwai wasiƙar ajami kan iyakar fadamar rake, mai rana da wata amma babu shekara, an naɗe ta cikin rasiɗi mai hatimin En'e. Rasiɗin ne ke nuna zamanin wasiƙar, gidan kuma shi ke nuna wace fadama ake nufi. Da zarar an kai wasiƙa sashen noma, rasiɗi sashen mulki, an kashe shaidar duka biyun. Haka ma kundin malamai: warƙoƙi ne a sake, galibi ba lambar shafi, sai kalmar da ake rubutawa a gindin shafi don ta nuna farkon na gaba. Hannu ɗaya mai gaggawar gyara ya isa ya hargitsa abin da aka yi shekara ɗari ana tattali. Saboda irin wannan ɓarna ce ma'adanan Faransa suka kafa ƙa'ida tun 1841, cewa a bar takardun kowane gida ko ofis a haɗe, kada a gauraya su da na wani.

Aikin farko ke nan rajista: daga wane gida, wa ya kawo, yaushe, kyauta ce ko ajiya. Sannan a jera abin da ke ciki bi da bi kamar yadda aka same shi, a cire ƙusoshi masu tsatsa, a guji liƙi da salatif, a ɗora akwatuna a kan kantar ƙarfe nesa da ƙasa da bango saboda gara da yoyon damina.

Za a ce me zai hana a kwashe komai a kai Kaduna, inda ƙwararru suke? Hujjar tana da nauyi, kuma kwafi ya kamata ya je can. Amma bayanin takarda rabinsa yana bakin dattawa. Wanda zai duba hoton naɗi ya ambaci mutanen ciki ɗaya bayan ɗaya, a Saulawa yake zaune ko Hunkuyi, ba zai bi akwati zuwa birni ba. Iyalai ma sun fi sakin jiki da ajiyar da za su iya zuwa su gani. Ga kuma canje-canjen mulki: an cire Kudan daga Maƙarfi, Kubau daga Ikara a 1996, sannan a 2017 gwamnatin jiha ta rage gundumomi daga 390 zuwa 77. Duk ofishin da aka raba ko aka rufe, takardunsa na iya bin wanda ya riƙe mabuɗi na ƙarshe, kuma na kusa ne kaɗai zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Wasu kuma na ganin hoton waya ya wadatar. Hoto dubu ba suna ba asali tarin hatsi ne ba rumbu. Sai an gama rajista ɗaukar hoto ke da amfani. Ƙorafin da ya fi cancantar a saurara shi ne na sirri, domin takardar gado ko ta shari'a na iya tono zancen bauta ko rikicin gona da bai mutu ba. A nan ma tsarin asali ne mafita: tunda akwatin kowane gida a haɗe yake, masu shi na iya gindaya sharaɗi a rubuce, a buɗe wannan yanzu, a rufe wancan sai bayan shekarun da aka amince, a sa hannu a gaban dagaci.