Awaki, Zomaye da Tsakar Tsibirin Round

A gidajenmu tsaka abar kora ce, amma a ƙasar Moris da ke Tekun Indiya an shafe shekaru ana fafutukar ceto wani jinsinta. Tsakar Günther, wadda masanin dabbobi George Boulenger ya bayyana wa duniya a 1885, tana kai tsawon santimita 30, tana kuma rayuwa a kan itatuwa dangin giginya.

A da tana yawo a babban tsibirin Moris. Sai jiragen Turawa suka shigo da ɓeraye, aka kuma sare dazuzzuka domin noman rake, har ta ƙare ƙaf a can. Ta tsira ne a ɗan tsibirin Round da ke arewa, inda ɓera bai taɓa kafa zuriya ba.

Nan ma ba ta huta ba. A ƙarni na 19 aka saki awaki da zomaye a tsibirin, suka cinye duk tsiron da ya leƙo, ruwan sama ya wanke ƙasar zuwa teku. An ayyana wurin gandun kariya a 1957, amma takardar doka ba ta hana akuya kiwo ba. Sai da aka kawar da awakin a 1979, zomayen kuma a 1986, sannan itatuwa suka farfaɗo, tsakar ta hayayyafa. A 2010 aka kwashi wasu zuwa tsibirin Île aux Aigrettes, don kada guguwa ɗaya ko ɓera mai ciki da ta faɗo daga jirgi ta shafe jinsin baki ɗaya.