Tazara da Idon Kyamara: Tarihin Gilashin Zum da Abin da Zamfara Ke Nema Daga Gare Shi

Matafiyin da ya bar Gusau ya nufi Tsafe ba ya wucewa sai Dutsen Kwatarkwashi ya tare masa ido. Da kallo ɗaya yakan ga dutsen da gonakin da ke gindinsa, sannan hankalinsa ya sauka kan wani makiyayi can nesa, ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Kyamara ba ta da wannan baiwa. Shekaru da dama bayan ƙirƙiro fim, mai ɗaukar hoton da ke son kusantar abu hanya biyu gare shi: ko ya ɗauki kyamara ya taka, ko ya tsayar da aiki ya cire gilashin da ke bakinta ya ɗaura wani. Gilashin zum, wanda ke jawo na nesa kusa ta hanyar murɗa zobe ɗaya, an ƙera shi ne domin cike wannan giɓi. Kowace siffa da ake nema a jikinsa a yau ta samo asali daga wata matsala da ta taɓa ɓata wa wani aiki. Sanin wannan tarihi shi ne kariyar matashin da ya tara kuɗin shekara biyu domin sayen kayan sana'a.

Daga Ingila zuwa Faransa

A 1932 kamfanin Taylor-Hobson na Ingila, tare da Bell & Howell na Amurka, ya fitar da Cooke Varo, ɗaya daga cikin gilasan zum na farko da aka ƙera domin fim, mai tafiya daga milimita 40 zuwa 120. Yana da nauyi, yana kuma cin haske, don haka bai yaɗu ba. A 1946 Frank Back ya fito da Zoomar a Amurka, gidajen talabijin suka rungume shi domin ɗaukar wasanni, inda ba a iya shiga fili da kyamara. Amma wanda ya mayar da zum kayan aikin yau da kullum shi ne Bafaranshe Pierre Angénieux. Daga 1956 ya tsara gilasansa ta yadda rukunonin gilashin da ke ciki za su riƙa motsawa bisa lissafi, ɗaya na sauya girman hoto, ɗaya na gyara saiti, har hoto ya zauna garau daga farkon murɗawa zuwa ƙarshe. A farkon shekarun 1960 ya fitar da mai milimita 12 zuwa 120, ninki goma, wanda ya zama abokin tafiyar masu ɗaukar labarai da fim mai faɗin milimita 16. Wannan aiki ya jawo masa lambar yabo ta Oscar a fannin fasaha a 1964.

Majigi da tsoron motsi

A Arewacin Nijeriya hoto mai motsi ya isa ga jama'a ta hanyar majigi, motocin gwamnati da ke zagaya garuruwa suna haska fim a ƙofar fada ko a filin kasuwa. William Sellers, jami'in lafiya da ya yi aiki a Nijeriya kafin ya jagoranci sashen finafinan mulkin mallaka da aka kafa a 1939, ya shimfiɗa ƙa'idar cewa fim ɗin da za a nuna wa ɗan Afirka ya kasance mai tafiyar hawainiya, ba dabarun kyamara, ba yawan motsi, wai don kada mai kallo ya rikice. Raini ne aka yi masa rigar ilimi. Mutanen da aka ce ba za su gane motsin kyamara ba su ne, bayan 'yan shekaru, suka cika gidajen silima suna kallon finafinan Indiya, inda zum ke fyaɗawa kan fuskar jarumi cikin ƙiftawar ido, kuma babu wanda ya nemi a yi masa fassara.

A ƙetaren iyaka, cikin Nijar, Jean Rouch ya ƙi zum saboda wani dalili dabam. Shi a ganinsa mai ɗaukar hoto ya taka da ƙafarsa ya shiga cikin mutanen da yake ɗauka, su gan shi ya gan su, maimakon ya tsaya nesa yana leƙensu ta gilashi. Haka ya ɗauki Tourou et Bitti a Simiri a 1971, yana tafe da kyamara a kafaɗa ba tare da yankewa ba. Wannan ƙorafi nasa bai tsufa ba.

Zamanin kaset

Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, sana'ar fim ɗin Hausa ta tashi ne a kan kyamarar bidiyo ta kafaɗa mai ɗaukar kaset. Irin wannan kyamara da zum ɗinta take zuwa, a manne, da maɓalli ƙarƙashin yatsa. Da yake farantin da ke karɓar haske a cikinta ƙarami ne, kusan komai na fitowa garau, na kusa da na nesa, kuma ƙarancin ingancin kaset na rufa wa gilashi asiri. Masu ɗaukar hoto na wancan zamani sun saba da zum har ya zama musu kamar numfashi, ba tare da sun taɓa buƙatar tambayar yadda yake aiki ba.

Zamfara ta shiga wannan zamani ta wata ƙofa. An ƙirƙiro jihar daga Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996. A Oktoban 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000, aka kuma rufe gidajen silima. Sai dai kyamara ba ta bar gari ba. Ta koma wurin ɗaurin aure da naɗin sarauta, tafsirin azumi, hawan sallah da taron siyasa. Aiki ne na mutum ɗaya da kyamara ɗaya, a wurin da ba a cewa a maimaita. Liman ba ya sake karanta huɗuba domin an ɓata saiti, dawakai ba sa komawa baya. A irin wannan aiki zum ba ado ba ne, shi ne sana'ar.

Ranar da asiri ya tonu

A 2007 kyamarar RED One ta fito, a 2008 Canon 5D Mark II ta nuna cewa kyamarar hoto na iya ɗaukar bidiyo mai kama da na silima, a 2010 ARRI Alexa ta biyo baya. Babban faranti ya kawo hoto mai taushin baya da kowa ke sha'awa, amma ya zo da sharaɗi: wurin da ke fitowa garau ya ƙuntata, kuma gilashi ya zama abin da ake saye dabam. Masu sana'a da yawa suka ɗaura zum ɗin da aka ƙera domin hoto mara motsi, nan take aibobin da Angénieux ya yi maganinsu shekaru hamsin baya suka dawo. Daga nan ne jerin abubuwan da ake nema ya sake fitowa fili.

Na farko shi ne riƙon saiti. Zum na fim, idan aka jawo fuska aka saita ta, ya kamata ta zauna garau har a buɗe hoto zuwa ƙarshe. Yawancin zum na hoto ba sa yin haka, domin an ƙera su da zaton za a sake saiti kafin kowane ɗauka. Gwajin ba ya wuce minti ɗaya a shagon mai sayarwa.

Na biyu, haske ya tsaya wuri ɗaya. Ƙaramin zum mai milimita 18 zuwa 55 da ake haɗawa da kyamarori masu sauƙin kuɗi yana farawa da f/3.5 ya ƙare a f/5.6, ma'ana hasken da ke shiga ya ragu zuwa ƙasa da rabi. A cikin zaure ko masallaci bayan magariba, fuskar mai magana sai ta dushe ana kallo. Gilashin fim na amfani da ma'aunin T, wanda ke auna hasken da ya ratsa gilashin a zahiri, ba lissafin faɗin ƙofa kaɗai ba, kuma nagari yakan riƙe lamba ɗaya daga farko zuwa ƙarshe.

Na uku, abin da masu sana'a ke kira numfashi: idan aka mayar da saiti daga mutum na gaba zuwa na baya, gefen hoto ya riƙa kumbura yana motsewa. A hoto mara motsi ba a ganinsa, a fim kuwa yana janye ido daga labari. Na huɗu, zoben saiti mai dogon juyi, digiri 180 zuwa 300, mai tsayawa a iyaka, da haƙoran da na'urar jan saiti za ta kama. Zoben da ke gama tafiyarsa da ɗan taɓi ba ya barin hannu ya bi mahayin da ke tahowa a guje.

Na biyar ya fi shafar wannan yanki. Zum ɗin da ke miƙewa yana komawa tamkar zugazugi yake, yana zuƙar iska yana fitarwa, kuma iskar hunturu a Bunguɗu ko Tsafe ƙura ce zalla. Wanda ke yin motsinsa a ciki, jikinsa a rufe, ya fi daɗewa, kuma ba ya karkatar da nauyin kyamara. Haka nan rana tsaka da farar babbar riga kusa da baƙar fuska jarrabawa ce ga gilashi da shafin da ke kansa: mara kyau yakan wanke hoto, ya bar launin shuɗi ko ja a bakin rawani.

Na shida shi ne sulhu tsakanin nisa da nauyi. Angénieux Optimo mai milimita 24 zuwa 290, abin alfaharin manyan kamfanonin fim, ya kai kimanin kilo 11, sai da ƙafa mai ƙarfi da mataimaka. Fujinon MK mai 18 zuwa 55, wanda ya fito a 2017 da T2.9, bai cika kilo ɗaya ba, amma ninkinsa uku ne kacal. Babu gilashin da ya haɗa nisa, haske, sauƙin ɗauka da araha. Duk wanda aka ce ya haɗa, akwai abin da aka ɓoye. Kafin a biya kuɗi kuma sai a tabbatar bakinsa ya dace da kyamara, kuma da'irar hotonsa ta rufe faranti, domin wanda aka ƙera wa Super 35 yakan bar duhu a kusurwoyin faranti mafi girma.

Abin da gilashi ba ya yi

A shekarun nan tazara ta sami sabuwar ma'ana a Zamfara. Akwai ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu da hanyarsu ta zama abin tsoro saboda 'yan bindiga, kuma dogon zum na ba mai kyamara damar ɗaukar hayaƙi daga bakin titi ya koma gida lafiya. Wannan amfani ne na gaske, ba abin rainawa ba. Amma shirin da sashen binciken BBC na Afirka ya fitar kan 'yan bindigar Zamfara a Yulin 2022 ya girgiza ƙasa ne saboda Yusuf Anka, ɗan jihar, ya zauna gaba da gaba da waɗanda aka zalunta da waɗanda suka yi zaluncin. A watan Agusta hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda nata shirin a kan batun, ta kuma ci tarar kamfanonin da suka watsa na BBC. Kusanci ne ya jawo tarar, kuma kusancin ne ya ba shirye-shiryen daraja.

Injiniyoyi sun shafe shekaru casa'in suna gyara zum har ya iya riƙe saiti, ya riƙe haske, ya hana ƙura shiga. Waɗannan abubuwa ne da mai saye zai iya gwadawa da hannunsa, kuma ya kamata ya gwada. Abin da Rouch ya damu da shi kuwa ba a shago ake samunsa ba. Gilashi na jawo fuskar matar da ta tsere daga ƙauyensu har a ƙirga layukan goshinta, amma muryarta sai an taka an je, an yi sallama, an nemi izini.