Zare: Smith maƙeri ne. Mu kuma me ya sa muke amsa sunan gari?

1/ Sunan dangin da ya fi kowane yawa a Ingila da Amurka shi ne Smith. A ƙidayar Amurka ta 2010 mutum sama da miliyan 2.4 ne ke amsa shi. Ma'anarsa kuwa ba wata mai nisa ba ce: maƙeri. Ku biyo ni, daga Ingila zan kawo mu har Wudil.

2/ Kafin Normandawa su ci Ingila da yaƙi a 1066, yawancin mutanen can suna ɗaya suke da shi, sai laƙabin da ke bin mutum kabari. Masu ƙasa ne suka fara gadar wa 'ya'yansu suna na biyu. Talakawa suka biyo baya a hankali, zuwa wajen 1400 yawancin gidaje sun samu nasu.

3/ Me ya jawo? Rubutu. Mai karɓar haraji da alƙali suna son sanin wane John ne ya biya, wane ne ya gaji gona. Sai a rubuta John maƙeri, John ɗan Wiliyam. Da zarar laƙabi ya shiga takarda, ya daskare. Jika bai taɓa riƙe guduma ba, amma Smith yake.

4/ Hanya huɗu sunayensu suka bi: sana'a, irin su Smith da Taylor wato tela, sunan uba, irin Johnson, wurin zama, irin Hill, sai siffa, irin Brown. Smith ya yi yawa ne don ba ƙauyen da zai rayu babu mai ƙera garma da wuƙa.

5/ Ba Ingilishi kaɗai ba. Schmidt na Jamus, Kowalski na Poland, Haddad na Larabawa, duk maƙeri suke nufi. Har Ferrari na Italiya, eh, wannan motar da kuke sa hotonta a waya, daga kalmar maƙeri sunan ya fito.

6/ To mu dawo gida. Mu ma muna da maƙera a kowane gari, kuma sana'ar gado ce. Muna da unguwannin sana'a: Dukawa da Soron Ɗinki a birnin Kano, Maƙera a Kaduna. Amma sau nawa ka ga an rubuta Maƙeri a takardar jarrabawa? Ni dai a ajinmu babu ko ɗaya.

7/ Asalin tsarinmu shi ne wane ɗan wane. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo: Fodiyo laƙabin mahaifinsa Muhammadu ne, ma'anarsa malami da Fulatanci. Ɗansa kuma Muhammadu Bello ake ce masa. Kowane zamani yana jingina da na gabansa, sunan ba ya tsayawa wuri ɗaya.

8/ Wani lokacin ma ba uba ba ne. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, ya samo sunan daga Tata, dattijuwar da ta raine shi. Yau zuriya guda na amsa sunan wannan baiwar Allah. Wannan na cikin sunayenmu da suka daskare irin na Turawa.

9/ Mu ma takarda ce ta sauya mana lissafi. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa ta Kano a 1909. Kwalejin Katsina ta biyo baya, aka yi bikin buɗe ta a 1922. Rajistar Bature tana da gurbin suna na biyu, dole a cike shi.

10/ Ka yi tunanin aji guda mai Muhammadu da Abubakar rututu, kowa daga lardinsa. Hanya mafi sauƙi ita ce a kira kowa da garinsu. Sardauna da kansa Ahmadu Raɓah aka san shi a makaranta, da sunan garin da aka haife shi.

11/ Duba jerin: Abubakar Tafawa Ɓalewa, Sa'adu Zungur, Shehu Shagari, duk sunan wuri ne. Malam Aminu Kano sunan mahaifinsa Yusufu. Wani ƙarin dalili da manya kan faɗa shi ne kunya: ɗa ba ya son a riƙa kiran sunan mahaifinsa gatsau a gaban yara.

12/ Abin bai tsaya a zamanin Turawa ba. Rimi ƙauye ne a Sumaila. Kwankwaso gari ne a Madobi. Ganduje yana Dawakin Tofa. Tofa ɗin da Bashir Tofa, ɗan takarar shugaban ƙasa na 1993, ya amsa, shi ma gari ne. 'Yar'aduwa unguwa ce a Katsina.

13/ Haka nan Wudil. Mutane da yawa suna rufe sunansu da Wudil alhali ba su haɗa kaka ba. Wani Bafulatani ne, wani masunci daga bakin kogi, wani dillali a kasuwar shanu ta ranar Juma'a. Sunan na faɗa maka inda mutum ya fito, ba ya faɗa maka gidansu.

14/ Abin dariya, jami'ar da nake karatu a nan ta bi hanyar a juye. An kafa ta a 2001 da sunan Kano, a 2022 aka mayar da ita Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote. Mutane na ɗaukar sunan wuri, wuri kuma ya ɗauki sunan mutum.

15/ Sauran hanyoyin ma muna da su. Sarauta: Waziri, Galadima, Ciroma, Makama. Siffa: Dogo, Gajere. Ranar haihuwa: Ɗanjuma, Ɗanladi. Fatauci: Maigoro, Maiturare. Ka lura, sana'ar saye da sayarwa kan shiga takarda fiye da ta hannu.

16/ Ra'ayina ke nan, kuna iya musawa: mun zaɓi abin da muke alfahari da shi. Gari da sarauta suna ɗaga kai. Ƙira, fawa, wanzanci da jima kuwa mun ɗora musu kallon raini, har jikan maƙeri ya gwammace a kira shi da unguwa. Alhali da fartanyarsu muka ci tuwo.

17/ Su Smith ɗin ma sun zo mana har gida. Mary Smith ta rubuta rayuwar Baba ta Karo a littafin da ya fito a 1954. Mijinta M. G. Smith ya yi littafi kan sarautar Zazzau a 1960. Abdullahi Smith, Baturen da ya musulunta, ya koyar da tarihi a Zariya, ya assasa Arewa House a Kaduna a 1970.

18/ Wato masu amsa sunan Smith suna cikin waɗanda suka adana mana tarihinmu, da sunan sana'ar ƙira a bangon littafi, ba tare da jin kunya ba. A nan ya kamata mu tsaya mu yi tunani.

19/ Ga inda abin ya shafi aljihunka. Kwamfuta ba ta san wane ɗan wane ba. Tun 2021 sai da lambar NIN ake rajistar JAMB. Idan firamare ta rubuta maka sunan uba, sakandare ta sa na kaka, banki ya sa Wudil, to a wurin na'ura ku uku ne.

20/ Na san 'yan uwa uwa ɗaya uba ɗaya da sunan ƙarshe daban-daban. Na ga wadda aure ya sa ta sauya zuwa sunan miji, takardun karatunta suka daina dacewa da sabon katinta. Alhali a al'adarmu da addininmu mace 'yar babanta ce har ta mutu.

21/ Shawarata: ku zauna da iyaye ku tsayar da suna ɗaya, rubutu ɗaya, jeri ɗaya, tun kafin ƙannenku su zana jarrabawar farko. Muhammad da Mohammed ba ɗaya ba ne a wurin na'ura. Gyara daga baya rantsuwar kotu ce da kuɗi da layi.

22/ Sannan ku tambayi tsoffin gida: sunan nan na wane ne, me yake yi, daga ina ya zo? Ku rubuta amsar tun suna raye. Zamaninmu ne sunaye ke daskarewa, abin da muka sa a fom yau shi jikoki za su gada. Naku sunan ƙarshen, na uba ne, na gari ko na sana'a? Ku faɗa min a ƙasa.