Daga man wardi zuwa Bint El Sudan

Tun kafin kwalaben Turai su shigo kasuwa, ƙasar Hausa tana da nata ƙamshi. Daga daji ake samo ƙaron hano da saiwar jema da ƙajiji, maharba kuma su kawo jibda. Duk waɗannan ƙamshi ne mai nauyi, wanda ya fi daɗi da hunturu, lokacin da ake rufe ƙofa a zuba turaren wuta cikin kasko. Ƙamshin fure kuwa baƙo ne, a bayan raƙumi ya zo.

Ayarin da ke tasowa daga Tarabulus, ya ratsa Gat da Azbin da Damagaram, shi ke ɗauko shi. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a shekara ta 1851, ya lissafta man wardi cikin hajar da Larabawa ke kawowa, tare da lubban da jawi da kanumfari. Kaya ne mai tsada, na sarakuna da attajirai. Talaka sai dai ya shaƙe shi a rigar wani ranar salla. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin hamada ya mutu, aka koma jiran abin da zai fito daga bakin teku.

A 1920 wani wakilin kamfanin W. J. Bush na birnin Landan, mai suna Eric Burgess, ya koma gida daga Sudan da samfurin turarukan da mutanen can suke so. Daga gare su aka haɗa Bint El Sudan, wato ɗiyar Sudan: yasmin da wasu furanni a sama, almiski da ambar a ƙasa, duka cikin mai, babu giya ko kaɗan. Rashin giyar nan shi ne rabin nasararsa. Malami zai shafa shi ya shiga masallaci ba tare da shakka ba. Ɗaya rabin kuma na bazara ne. A zafin watan Afrilu na Tawa ko Maraɗi, turaren da aka narka cikin giya yakan tashi kafin hantsi, na mai kuwa ya kama fata da tufa har la'asar, kuma furen da ke cikinsa ba ya ɗaure numfashi kamar hayaƙin kasko. Shi ya sa tsofaffin mata ke ɗiga kaɗan a yatsa su taɓa wuya da bakin mayafi, ba su malala shi.

Alhazan da ke tafiya Makka ta ƙasa, ta Cadi da Darfur zuwa bakin Bahar Maliya, sun taimaka wajen yaɗa shi. Ƴar kwalba ce marar nauyi, tana shiga aljihu, ana sayar da ita a kowane zango, ga ta kuma tsarabar da ba a rainawa. Daga baya aka riƙa ɗura shi a Kano, ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram suna ɗaukowa zuwa ƙauyuka. Kamfanin ya canza hannu: a 1966 ya narke cikin Bush Boake Allen, a 2000 kamfanin IFF na Amurka ya saye wannan.

Abin lura shi ne yadda mata suka mallake shi. Ba su bar shi yadda ya zo ba. Sun zuba shi cikin humrar da suka koya daga Larabawan Shuwa da Barebari, sun jiƙa itacen turaren wuta da shi, sun sa shi cikin kayan lefe, har ma ana ɗiga shi a likkafani. Da wuya a sami amaryar da ta taɓa jin sunan Burgess. In an tambaye ta, cewa za ta yi turaren kakarta ne.